Sharar Ƙarshen Shekara a Kiyoto

A Japan ba a shiga sabuwar shekara da ƙurar tsohuwa. Da zarar Disamba ta raba tsakiya, sai ka ga ma'aikata sun fito da kujerun ofis waje, masu shaguna sun hau tsani suna goge alluna, 'yan makaranta suna wanke tagogin azuzuwansu, matan gida kuma sun shanya katifu a baranda suna bugu. Osoji suke ce wa aikin, babbar shara. Ya samo asali tun zamanin da ake girki da jin ɗumi da itace da gawayi a cikin ɗaki, lokacin da hayaƙin shekara guda ke mayar da rufi baƙi ƙirin da kunkunniya. Fadar Edo, wato Tokiyo ta yau, ta tsayar da 13 ga watan ƙarshe a matsayin ranar kakkaɓa, talakawa suka bi. Da ƙasar ta koma kalandar Turawa a 1873, sabuwar shekara ta dawo 1 ga Janairu, shara ta biyo ta.

Na tarar da al'adar a Kiyoto a ƙarshen 1999, ina ɗalibi da tallafin karatu na gwamnatin Japan. Ina haya a saman benen wani tsohon gidan katako a arewacin birnin, inda sanyi ke tasowa daga ƙasa ya ratsa safa ya shiga ƙashi. Kiyoto a kwari take, duwatsu sun kewaye ta ta fuska uku, shi ya sa da bazara mutum a dafe yake, da hunturu a daskare. Mai gidan wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watsu Osaka da Tokiyo. Yaran unguwa Kaka suke ce mata da harshensu, ni ma na bi sahu.

Kowace Lahadi da sassafe takan rataya 'yar jakarta ta tafi zaman tafakkuri. Kiyoto na da gidajen ibadar Buda sama da 1,600, amma kaɗan ne irin waɗanda ake bugawa a jikin kati, kamar Kinkakuji mai lulluɓin zinariya. Mafi yawansu ƙanana ne, a lungu, da maƙabarta a bayansu, kuma gadon gida ne: tun da dokar 1872 ta ba malaman addinin damar yin aure, ɗa ke gadon uba. Nata irin waɗannan ne, na ɗariƙar Soto, ɗaya daga manyan rassan Zen na addinin Buda. A gefen babban zauren akwai wani dogon ɗaki mai dakalin katako a jikin bango. Nan mutanen unguwa ke harɗe ƙafa a kan matashi, su fuskanci bango, su yi tsit kimanin minti 40 har a buga ƙararrawa. Shi ne zazen. Ba karatu, ba wa'azi, sai zama da numfashi.

Wata Juma'a da dare ta kira ni daga gindin matakala.

"Ɗan nan, jibi kana da aiki?"

"Babu, Kaka."

"To ka ara mini bayanka. Babbar shara za mu yi, ga gwiwoyina sun ƙi, matasan kuma duk sun tafi garuruwansu."

Na sauko na tsaya gabanta. Na ce, "Kaka, kin san ni Musulmi ne. Ba na rusuna wa mutum-mutumi, kuma ba na yi masa hidima."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wa zai ba ka shi? Ni da na tsufa a wurin ban taɓa sa masa hannu ba. Kai dai zo da tsohon wando."

Haka aka yi. Lahadin ƙarshe ta shekara, gari bai gama wayewa ba, muka isa. Azumi ya riga ya yi nisa, domin a shekarar Ramadan ya faɗo cikin Disamba, saboda haka da sahur a cikina na tafi. Muka tarar da mutane sun taru a tsakar gida, kowa ya ɗaure kai da ƙaramin tawul, numfashi na fita kamar hayaƙi. Akwai likitan unguwa, da mai sayar da awara, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da farfesa mai ritaya, da matan aure, da wasu 'yan mata biyu 'yan sakandare. In ba an gaya maka ba, ba za ka san wane ne wane ba. Malamin wurin, wanda suke kira Osho-san, ya fito da kayan aiki shuɗaye, kansa a aske ƙwal. Ya raba aiki cikin jimla uku ko huɗu. Da ya zo kaina ya ce zauren mutum-mutumi nasa ne shi da ɗansa, ni in bi ɗakin zama da baranda. Ashe Kaka ta riga ta yi masa bayani. Aka haɗa katako biyu aka buga, kowa ya kama gabansa.

Ƙa'idar ita ce daga sama zuwa ƙasa, daga ciki zuwa waje. Da dogayen gorori masu ganye a kai aka fara kakkaɓe yana da ƙura daga azaran rufi. Sannan aka ciccire tatami, tabarmin nan masu kauri da ake cika cikinsu da karan shinkafa a lulluɓe da saƙar ciyawa, aka fito da su mutum biyu-biyu, aka jingina a rana, aka yi ta tsala musu tsumagiyar gora. Kwana shida kafin nan, ranar 20 ga wata, an yi irin wannan a manyan gidajen ibada biyu na Honganji da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, kamar yadda ake yi kowace shekara. A can jama'a ke jeruwa sahu guda, tsumagiya a kowane hannu, su tsuguna suna bugun tabarma suna tafiya gaba, wasu na biye da manyan mafitai suna kora ƙurar waje. Babban zauren Higashi Honganji kaɗai tabarma 927 ne a shimfiɗe. Namu bai kai ko kusurwarsa ba, amma tari mun yi shi daidai gwargwado.

Matasan zama aka fara damƙa mini. Zagayayyu ne, baƙaƙe, kowanne da farin ƙyalle a gefe inda ake rubuta sunan mai shi. Shekara guda ana zama a kansu, duk sun lotsa sun yi tauri. Tsohon ma'aikacin jirgin ya nuna mini yadda ake tsayar da matashi a gefensa, a danna da tafin hannu, a juya, a sake dannawa, har ya kumbura ya dawo siffarsa. Waɗanda suka mutu murus kuma sai an buɗe an ƙara musu ciki. Na zura hannu ta tsagar gefe, na jawo abin da ke ciki, sai na tsaya ina dubansa. Audugar rimi ce. Santsinta, da sheƙinta, da 'yan baƙaƙen ƙwayoyin da ke maƙale a ciki, babu inda ta bar wadda muke tsinta muna yara a Zariya, in iskar bazara ta fasa kwanson ta watsa ta a gari. Na gaya wa tsohon cewa bishiyar nan a ƙofar gidanmu take. Ya ce shi a buhu ya san ta, daga ƙasashen kudu ake kawo musu, bai taɓa ganin uwarta ba. Ya sa na zana masa ita a ƙasa da tsinke, da gindinta mai fukafukai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya share zanen da tsintsiya, don wurin ma yana cikin rabonsa.

Daga nan sai baranda, inda na san na zo aiki. Doguwa ce, ta katako, ta kewaye ginin, kuma ba a san sandar goge-goge a wurin ba. Tsumma ne da bokitin ruwan sanyi. Za ka tsoma, ka matse har sai ɗigo ya daina fita, ka ninke shi daidai tafin hannu biyu, ka dafa shi a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama, ka tura da ƙafa a guje daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kana bin tsawon katakon. Ka juya tsumman, ka dawo ta layi na gaba. 'Yan matan nan biyu tun suna firamare suke yi, domin a makarantun Japan ɗalibai ke share azuzuwansu, sai suka riƙa wuce ni suna ƙunshe dariya. Ruwan kuwa, in ka tsoma hannu, da farko zafi za ka ji, daga baya ka daina jin yatsun gaba ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne katakon. Baƙi ne, yana ɗaukar ido, kana ganin inuwar bishiyoyin lambu a cikinsa. Na tambaya wane mai ake shafa masa. Aka ce ba a taɓa shafa masa komai ba, tsumma ne kawai, kowace safiya, tun zamanin kakan Osho-san.

Ban taɓa jin aikin taro mai shiru irin wannan ba. Ba a hana magana ba, amma ba mai yin ta sai da dalili. Ba mai tsayawa ya riƙe ƙugu yana nuna wa wani inda ya bari. In ka gama naka, ka nemi wanda bai gama ba. Wata mata tana gefe da rariya tana tankaɗe tokar kaskon turare, tana tsince guntayen turaren tsinke da suka rage, ta mayar da tokar ta lallashe samanta sumul. Wasu na goge fitilun tagulla. A cikin ɗaki kuma an watsa jiƙaƙƙen ganyen shayin da aka gama sha a kan tabarma kafin a share, don ya kama ƙura kada ta tashi.

Da na zagaya baya canjin ruwa ne na ga abin da ya fi zauna mini a rai. Ƙofar ban-ɗaki a buɗe, Osho-san a durƙushe, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, yana cuɗa masai da tsumma da hannunsa, ba safar roba. Mutumin da in ya wuce a titi tsofaffi ke tsayawa su sunkuya. Ni kuwa na tashi a gidan da tsintsiya ta mata ce da yara, ban-ɗaki kuma ba a ko ambatonsa gaban manya. Jikina ya ba ni cewa ba daidai ba ne in tsaya ina kallo. Na ajiye bokiti.

"Osho-san, kawo in karɓe ka."

Bai ko ɗago ba. "A'a. Nan rabona ne. Kai yau ka zo, ba ka kai nan ba tukuna."

Na ɗauka zolaya ce, sai da farfesan ya warware mini lokacin da muke wanke tsummoki. Ya ce a gidajen zuhudu na ɗariƙarsu, almajirin da aka ɗaga ya zama shugaban 'yan uwansa a zangon horo, shi ake ba wankin ban-ɗaki. Ya kawo mini labarin Dogen, wanda ya kafa ɗariƙar a Japan. An haife shi a nan Kiyoto a 1200, ya tafi ƙasar Sin neman ilimi a 1223. A wani gidan zuhudu can ya ga tsohon mai dafa abinci, ɗan shekara 68, a tsakar rana ba malafa, bayansa ya ranƙwafa, yana shanya naman kaza. Dogen, da zafin ƙuruciya, ya tambaye shi me ya hana ya sa yara su yi. Tsohon ya nuna masa cewa abin da wani ya yi ba shi ya yi ba, kuma rana ba za ta jira shi ba. Dogen ya dawo gida a 1227 da wannan a ransa. A 1237 ya rubuta littafi sukutum a kan aikin mai dafa abinci. A 1239 ya rubuta babi a kan ladubban shiga ban-ɗaki: inda za a rataye riga, yadda za a riƙe guga, yadda za a yi tsarki da ruwa da ƙasa, har da yanke farce. A wani babin ya yi dogon bayani a kan wanke fuska da asuwaki, yana kukan cewa 'yan zuhudun Sin sun bar asuwaki har bakinsu na wari. Eiheiji, gidan zuhudun da ya kafa a duwatsun Fukui a 1244, har yau kowace safiya almajirai ke goge shi da tsumma. Ina saurare ina murmushi, don duk wanda ya zauna gaban malam da Ahalari da Ishmawi ya san yadda ake daɗewa a babin tsarki kafin a kai ga salla.

Addininsu nasu ne, ban ɗauko ko ƙwaya ba, kuma ba wanda ya yi mini tayi. Amma tun daga ranar nake lura da wanda ke riƙe da tsintsiya a duk inda na shiga. A masallatanmu, mai hali ya fi son ya sayi kafet da janareta, shara kuwa a bar wa ladan da almajirai, ban-ɗaki a bar wa Allah. Alhali mun san labarin matar da ke share masallacin Madina, wadda da ta rasu aka binne ta ba a sanar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Ba ilimin muka rasa ba. Hannu ne muke jin ya fi ƙarfin tsumma.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka aljannar duniya na gani. Sharar nan akwai idon jama'a a cikinta: wanda bai zo ba an san bai zo ba, kuma za a tuna. Bayan an gama, maza suka miƙe ƙafa, mata suka shiga madafa suka buɗe sabon aiki. Sannan son tsarki irin na Japan yana da baƙin tarihi. Ƙarnuka da dama an ware wasu mutane, masu fiɗa da jima da ɗaukar gawa, an ce su ƙazantattu ne, an killace su a unguwanni na daban. Dokar 1871 ta soke wannan matsayi a takarda, amma ƙyamar ba ta tafi ba, har jikokinsu suka taru a nan Kiyoto a 1922 suka kafa ƙungiyar Suiheisha ta neman daidaito. Gidajen ibadar Buda ma ba su tsira ba, domin an samu kaburburan da malamai suka rubuta wa irin waɗannan mutane sunayen wulaƙanci a jikin dutse, kuma ɗariƙar Soto da kanta ta amsa wannan laifi daga baya. Farfesan ne ya fara gaya mini, yana matse tsumma, ba tare da na tambaya ba.

Da rana ta take tsaka aka kawo curin shinkafa da miya da koren shayi. Na ce ina azumi. Osho-san ya tambayi ƙa'idarsa, na gaya masa. Ya yi dariya ya ce a dokar farko ta 'yan zuhudun Buda daga tsakar rana ake kame baki har wayewar gari, ke nan in aka haɗa ni da su, tukunya ba za ta huta ba. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya ɓoye cinsa. Na zagaya bayan rumbun ajiya, na shimfiɗa jaket ɗina a kan tsakuwa na yi azahar.

Aikin yamma na Kaka ne, ni ɗan miƙo. Tagogi da ƙofofin ɗakin zama firam ne na siraran katako da aka manne wa farar takarda, kuma takardar shekara guda ta yi ja, wani wurin ta huje. Tun da safe aka jiƙa su, tsohuwar takarda ta saɓule, aka wanke firam aka shanya. Kaka ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ga kwanon talgen shinkafa a gefenta, ga buroshi mai faɗi. Ba ta shafa talgen, ɗiga shi take yi a kan kowane siririn katako, tap, tap, tap. Sai ta warware takardar daga naɗinta, ni in riƙe ɗaya bakin, ta bi da yatsa ta danne, ta yanke da reza a jikin ma'auni. Daga ƙasa take farawa ta yi sama, falle a kan falle.

"Kaka, me ya sa ba daga sama ba, kamar shara?"

"Don bakin na sama ya rufe na ƙasa. In ka juya, kowane haɗi ya zama wurin kwanan ƙura. Riƙe da kyau, ɗan nan, kana karkatawa."

Da ta gama ƙofa guda sai ta fesa mata ruwa kaɗan. Takardar ta yi laushi ta tattare, na ce a raina ta ɓata aiki. Kafin mu gama ta gaba, ta farkon ta bushe ta miƙe tsaf, in ka ƙwanƙwasa da farce har ƙara take yi. Da aka mayar da ƙofofin, ɗakin ya yi haske kamar an ƙara masa taga.

A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a Kiyoto kafin ƙarfe biyar. Muna tattara bokitai sai matar Osho-san ta fito da tire: shayi mai zafi, da lemo, da gasasshen mochi, dakakkiyar shinkafar nan mai danƙo da ake ci a sabuwar shekara. Ashe ta sa ɗanta ya duba lokacin faɗuwar rana a jarida. Ta tsaya da agogo a hannu har minti ya cika, sannan ta miƙo. Yatsuna sun ƙi riƙe kofi, sai da na haɗa hannu biyu.

Daren 31 ga wata ban fita ba, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Shekarar ce ake ta fargabar kwamfutocin duniya za su rikice in 2000 ta shiga, Kaka har ta cika bahon wanka da ruwa ta sayi batura. Babu abin da ya faru. Wajen tsakar dare ƙararrawar gidajen ibada ta fara tashi daga kowane ɓangare na birnin, bugu 108, adadin sha'awace-sha'awace da ruɗun da suke cewa suna damun zuciyar ɗan Adam. Ta Chion-in, mai nauyin kimanin tan 70, sai 'yan zuhudu 17 sun haɗu suke iya kaɗa gungumen da ke bugunta. Ta unguwarmu ƙarama ce, mutanen da muka yi shara tare su suka yi layi, kowa ya buga sau ɗaya. Mako guda bayan haka na hau jirgi zuwa Kobe, na yi sallar Idi a masallacin da aka gina tun 1935, tafin hannuna duk a faffashe.

Kaka ta rasu 'yan shekaru bayan na dawo gida, Osho-san ma ya bi ta. Ɗan nan da ya duba jarida shi ke riƙe da wurin yanzu, kuma bai fasa aiko mini da katin sabuwar shekara ba. A na baya-bayan nan ya ce masu zuwa babbar shara sun ragu ƙwarai, yawancinsu sun haura 70, ƙofofin kuma an sa musu takardar roba da ba ta buƙatar canji duk shekara. Ban-ɗaki dai shi ke wankewa.